Yadda Ake Bin Diddigin Tarihin Tsohon Bangalo a Ankara

Duk wanda ya saba bin hanyar Ridge ko Cantonments a nan Ankara, babban birnin Gana, ya san cewa tsofaffin gidajen nan masu faɗin baranda, waɗanda ke zaune a tsakiyar fili ƙarƙashin itatuwan mangwaro da darbejiya, suna raguwa kowace shekara. Yau ka ga an kewaye fili da kwano, bayan 'yan watanni ka tarar an haƙa ramin harsashin bene mai hawa da yawa, kuma galibi babu wanda ya ɗauki ko hoto ɗaya na abin da aka rushe. Mu mutanen zango muna da rabo a cikin waɗannan gidaje fiye da yadda muke zato, domin kakanninmu da dama sun yi gadi a ƙofofinsu, sun yi girki a kicin ɗinsu, sun kwana a ɗakunansu na baya, wasu kuma da suka sami wadata a cinikin goro da shanu sun ɗauki fasalin bangalo sun gina nasu a Adabraka da Tudu da Sabon Zango. Wannan rubutu jagora ne ga ɗalibi, ko magaji, ko duk mai sha'awa da ke son ya tsaya a gaban irin wannan gida ya gane yadda aka gina shi, da lokacin da aka gina shi, da mutanen da suka rayu a cikinsa.

Abin da ake kira bangalo

Kafin a fita da ma'auni da littafi, ya kamata a san abin da ake nema. Kalmar bangalo ta samo asali ne daga yankin Bengal na ƙasar Indiya, inda Turawan Ingila suka ɗauki fasalin gidan manoman yankin, wato gida maras bene mai rufi da ya zarce bango, suka faɗaɗa shi, suka kewaye shi da baranda, sannan suka yaɗa shi a ƙasashen da suka mallaka. A nan Gana kalmar ta ƙara ɗaukar wata ma'ana, domin idan aka ce an ba wani ma'aikaci bangalo, ana nufin gidan gwamnati ne da ke tafiya tare da muƙaminsa, ko da kuwa gidan yana da bene. Mai bincike ya riƙe ma'anonin biyu a zuciyarsa, saboda tsoho zai iya kiran gida bangalo don siffarsa, wani kuma don wanda ya zauna a ciki.

Tarihin wannan gini a Ankara ya ɗauki hanya ne daga 1877, lokacin da Turawa suka ɗauke hedikwatar mulkinsu daga Cape Coast suka dawo da ita nan. Ma'aikatan da suka biyo hedikwatar suna bukatar masauki, sai aka buɗe unguwar Victoriaborg a gabashin tsohon gari, daga baya aka hau tudun Ridge, sannan Cantonments, wadda sunanta ma ya nuna cewa mazaunin soja ce tun asali. Abubuwa huɗu sun yi tasiri ƙwarai a kan yadda gidajen suka riƙa sauyawa, kuma duk mai son kimanta shekarun gida zai riƙa komawa gare su. A 1897 likita Ronald Ross ya tabbatar da cewa sauro ne ke yaɗa zazzabin cizon sauro, abin da ya kawo ragar waya a tagogi, ya kuma ba mahukunta hujjar nesanta unguwannin Turawa daga na 'yan ƙasa, har aka riƙa ba da shawarar barin tazarar yadi 440 babu gini a tsakani. A 1908 annoba ta auka wa Ankara, aka rushe gidaje a tsohon gari, mutane suka bazu zuwa sababbin unguwanni kamar Adabraka. Daga 1919 zuwa 1927 Gwamna Gordon Guggisberg ya yi manyan gine-gine, ciki har da asibitin Korle Bu da aka buɗe a 1923 da makarantar Achimota da aka buɗe a 1927, kuma kowannensu ya zo da jerin bangalo na ma'aikata. Sai girgizar ƙasa ta ranar 22 ga Yuni, 1939, wadda ta tsattsage gine-gine da yawa, ta sa gwamnati ta gina rukunin gidaje a wurare irin su Korle Gonno da Kaneshie, ta kuma sa magina suka ƙara dogara ga siminti da ƙarfe.

Sallama kafin awo

Matakin farko shi ne neman izini, kuma ban ga abin da ke ɓata irin wannan aiki kamar gaggawa a nan ba. Maganar fili a Ankara magana ce mai zafi, kuma baƙon da aka gani yana ɗaukar hoton gida yana rubutu a littafi, za a ɗauka ko ɗan leƙen asirin mai saye ne, ko wakilin wani ɓangare a shari'ar gado. Idan gidan na gwamnati ne, a rubuta wasiƙa zuwa ga hukumar da ke riƙe da shi, a kuma nemi yardar wanda ke zaune a ciki. Idan na iyali ne a unguwarmu, a bi ta hannun wanda maigidan ya sani, limamin masallacin unguwa ko wani dattijo daga fadar Sarkin Zango, a je da goro, a gaisa sosai, a faɗi manufa a fili, a kuma yi alkawarin kawo wa iyalin kwafin duk abin da aka rubuta. Kada a nemi ganin takardun fili a zuwan farko. Wannan sai an saba, sau da yawa ma maigidan ne da kansa zai ɗauko su idan ya natsu da mutum.

Karanta ginin daga waje

Ranar fara aiki a je da sassafe, a tsaya nesa kaɗan, a dubi gidan gaba ɗaya kafin a kusance shi. Abin lura na farko shi ne inda ya fuskanta. Maginan da suka san aikinsu sukan shimfiɗa tsawon gida daga gabas zuwa yamma, ta yadda dogayen bangayen za su kalli kudu da arewa, rana ba ta dukansu kai tsaye da safe ko da yamma, iskar teku kuma da ke busowa daga kudu maso yamma ta sami hanyar ratsa ɗakuna. Manhajar nuna alƙibla da ke cikin waya ta isa a gane wannan. Idan aka ga gida ya saba wa wannan tsari, akwai dalili, wataƙila titi ne ya tilasta shi, wataƙila kuma mai ginin ya fi damuwa da ƙofarsa ta kalli masallaci ko gidan danginsa, kuma wannan ma tarihi ne da ya cancanci a rubuta.

Daga nan a sunkuya a dubi ƙasa. Bangalo na farko-farko an ɗora su ne a kan ginshiƙai na tubali ko dutse ko ƙarfe, har mutum kan iya wucewa ta ƙarƙashin wasu a tsaye, kuma wasu daga cikinsu a sassaƙe aka kawo katakonsu daga Ingila cikin jirgin ruwa, aka harhaɗa a nan. Ɗaga gidan yana hana danshi hawa, yana ba iska hanya ta ƙarƙashin daɓen katako, yana kuma sa a ga hanyar gara tun kafin ta kai ga katako. Akwai kuma tsohon tunanin Turawa na wancan zamani, cewa zazzabi daga mugun tururin ƙasa yake tasowa, don haka nesa da ƙasa ya fi lafiya. Da siminti ya yawaita sai ginshiƙan suka gajarta, suka koma dakali cikakke mai matakala uku ko huɗu. Saboda haka tsayin gida daga ƙasa alama ce mai ƙarfi: mai dogayen ƙafafu da daɓen katako ya fi kusa da ƙarshen ƙarni na 19 ko farkon na 20, mai zaune a kan dakalin siminti kuma galibi ya biyo baya. A lura da kyau, domin a gidaje da yawa an toshe tsakanin ginshiƙan da bulo an mayar da ƙarƙashin ɗakunan haya, har gidan ya yi kama da bene. Layin da ke tsakanin tsohon ginshiƙi da sabon bulo yakan fito a jikin fenti idan aka dube shi da hasken safiya.

Baranda ita ce zuciyar bangalo, kuma a nan ya kamata a daɗe. Aikinta shi ne ta hana rana da ruwan sama taɓa bangon ɗakuna, ta zama hanyar shiga kowane ɗaki, ta kuma zama wurin zama da cin abinci da karɓar baƙi. A ƙidaya ginshiƙanta, a auna faɗinta, a duba ko ta kewaye gidan duka ko gaba kawai take. A dubi katakon: idan odum ne, wanda Hausawa ke kira loko, za a same shi da nauyi da duhu, kuma gara ba ta cika cinsa ba, shi ya sa ginshiƙin da ya haura shekara ɗari kan tsaya lafiya alhali katakon itacen nan mai laushi da ake kira wawa da aka yi gyara da shi shekaru goma da suka wuce ya zama gari. Yadda aka haɗa katakon ma yana magana. Mishan ɗin Basel na Kiristoci, wanda ya sauka a Osu, unguwar bakin teku a nan Ankara, a 1828, ya horar da kafintoci da magina da maƙera masu yawa, kuma hannun waɗanda suka koyi sana'a ta wannan hanya yakan bayyana a haɗin da ake huda katako ɗaya a cusa bakin wani a ciki, a ɗaure da ƙusar itace, ba tare da an dogara ga ƙusar ƙarfe ba. Kusan kowane tsohon bangalo an rufe wani sashe na barandarsa an mai da shi ɗaki ko kicin, kuma a ganina wannan shi ne sauyin da ya fi cutar da waɗannan gidaje, domin da zarar an toshe baranda sai ɗakunan ciki su yi duhu da zafi, sai a ce gidan tsoho ne bai dace da zamani ba, alhali hanyar numfashinsa aka rufe.

Rufi kuma a dubi gangarensa da yadda ya zarce bango. Mai gangare huɗu da ya sauko ya lulluɓe baranda shi ne fasalin da aka fi sani, sau da yawa da ƙananan kafofin iska a can sama kusa da ƙololuwa don zafin da ya taru a ƙarƙashin kwano ya fita. Kwanon da ke kai yanzu da wuya ya zama na asali, amma a ƙarƙashin baranda akan sami tsohon falle mai kauri da tambarin kamfanin da ya ƙera shi, kuma wannan tambari ya cancanci hoto. Idan rufin na asbesto ne, irin falle mai launin toka da ya yaɗu wajen tsakiyar ƙarni na 20, kada a hau shi, kada a fasa shi, kada a kankare shi, domin ƙurarsa tana lalata huhu. Haka nan tsohon fentin ƙofofi da tagogi yana iya ƙunsar dalma, don haka a wanke hannu bayan an taɓa shi, a kuma hana yara wasa da ɓawonsa.

Awo, zane da ƙananan alamomi

Bayan kallo sai awo. Ana bukatar mutum biyu, tef mai tsawon mita 30, takarda mai layin murabba'i, fensir, tocila da waya mai kyamara. A fara zana siffar gidan da ido kamar ana kallonsa daga sama an cire rufi, sannan a bi bango ɗaya bayan ɗaya ana rubuta awo. Shawarata ita ce a rubuta awon da ƙafa da inci tare da mita, saboda da ƙafa aka gina waɗannan gidaje, kuma idan ɗaki ya fito daidai ƙafa 14 ko 16 an san bangon asali ne, idan kuma ya fito da wani gutsuren lissafi maras kai, akwai alamar an raba babban ɗaki ne daga baya. A auna kaurin kowane bango ta bakin ƙofa ko taga. Bangon ƙasa da na dutse suna da kauri sosai, na bulon siminti kuma siriri ne, kuma idan aka shafa launi dabam ga kowane kauri a kan zanen, tarihin faɗaɗa gidan zai fito a takarda kamar taswira. A auna tsayin silin ma, domin tsofaffin ɗakuna suna da tsayi ƙwarai don zafi ya tashi sama ya bar mutane.

Ƙananan abubuwa sukan fi manya faɗin gaskiyar shekaru. Tagar katako mai jerin siraran alluna a karkace, wadda ke shigar da iska ta hana ruwa, ta girmi tagar gilashi mai faifai da ake buɗewa da ɗan maɗauri, wadda ta yaɗu daga shekarun 1950. Wayar lantarki da aka bi da ita a saman bango cikin kwasfar katako tana nuna cewa gidan ya riga wutar zuwa, kuma wutar lantarki ta jama'a ta fara a Ankara ne a farkon shekarun 1920. Soket mai ramuka zagayayyu ya girmi mai ramuka masu kusurwa, wanda Ingila ta fito da shi a 1947. Tankin ruwan sama a gefen gida da indararon da ke zuba a cikinsa suna tuna zamanin da famfo bai wadata ba. A bangon baya kuma a nemi wata 'yar ƙofa a ƙasa, wadda galibi an toshe ta yanzu, ta nan ake zaro bokitin bayan gida da dare kafin zuwan masai mai ruwa. A gidajen gwamnati a duba jikin ƙofofi, da murfin kwata, da tsofaffin kujeru da kabad, domin akan sami haruffan PWD, wato Sashen Ayyuka na gwamnatin mulkin mallaka, wani lokaci har da lambar gidan. Wannan lamba ita ce mabuɗin binciken takardu, don haka a kwafe ta daidai. Kada a yanke hukunci da alama ɗaya, sai uku ko huɗu sun haɗu a kan zamani guda, saboda maginanmu sun saba cire ƙofa daga rusasshen gida su dasa a sabo.

Ɗakunan baya da mutanen da suka zauna a ciki

Yawancin masu rubutu a kan bangalo sukan tsaya a baranda su juya, kuma a nan ne nake roƙon mai bincikenmu ya zagaya baya. A can zai sami kicin a ware, sau da yawa an haɗa shi da babban gida da wata rufaffiyar hanya, an nesanta shi saboda hayaƙi da zafi da tsoron gobara. Gaba kaɗan kuma ga baskwata, jerin ƙananan ɗakuna masu taga ɗaya inda kuku da boyi da mai wanki da mai lambu suke kwana. A auna waɗannan ɗakuna da irin kulawar da aka auna falo, a rubuta faɗinsu kusa da faɗin ɗakin maigida a shafi ɗaya, domin lissafin kaɗai ya isa ya nuna yadda aka tsara zaman mutane a wancan zamani. A duba ko akwai wani ɗan dakali da aka shafe da siminti yana kallon gabas, kusa da ɗakin mai gadi ko ƙarƙashin itace. Inda aka same shi, masallacin ma'aikatan gidan ne, kuma shaida ce cewa Musulmi sun yi shekaru a wurin.

Sunayen waɗannan mutane ba sa cikin fayil ɗin gwamnati, suna bakin tsofaffinmu ne a Nima da Mamobi da Sabon Zango. Nima ta fara zama unguwa ne a farkon shekarun 1930 a hannun Malam Amadu Futa, kuma kusancinta da Cantonments da Ridge na cikin dalilan da suka sa ta cika da masu aiki a gidajen Turawa da tsofaffin sojoji. Sabon Zango kuwa Malam Baƙo ne ya kafa ta wajen 1912, bayan tsohon zangon cikin gari ya cushe. A nemi dattijon da mahaifinsa ya yi aiki a gidan, a zauna da shi bayan la'asar, a bar shi ya yi magana yadda ya ga dama. Tambayar shekara ba ta cika amfani ba, domin tsoho zai ce an daɗe. Abin da ke aiki shi ne a ɗaura tambaya a jikin abin da kowa ya tuna: "Baba, lokacin da aka yi girgizar ƙasa, kuna gidan nan ko ba ku zo ba tukuna?" ko "Hajiya, da aka sami 'yancin kai, wa ke zaune a babban gidan?" Girgizar 1939, da dawowar sojoji daga yaƙin Bama bayan 1945, da 'yancin kai a ranar 6 ga Maris, 1957, da juyin mulkin 1966, duka turaku ne da ake ɗaure labari a jikinsu. Akwai kuma dokar korar baƙi ta 1969 a zamanin Firayim Minista Busia, wadda ta sa mutanen zango da yawa suka bar ƙasar cikin gaggawa, wasu suka sayar da gidajensu da araha, wasu suka bar su amana a hannun maƙwabta. Idan gidan da ake bincike ya sauya hannu a wannan lokaci, a yi tambayar da taushi, domin a wasu iyalai ciwon bai warke ba har yau. A nemi izini kafin a naɗi murya, kuma a tambayi mata daban, saboda su ne suka san lokacin da aka haƙa rijiya, da ɗakin da aka haifi wane, da shekarar da aka ƙara ɗaki don an kawo amarya.

Gidajen da attajiranmu suka gina da kansu suna bukatar ido na musamman. Sun ɗauki rufin kwano mai gangare huɗu da baranda da tagogin katako, amma sun ƙi barin gidan tsirara a tsakiyar fili kamar na Bature. Sukan sa zaure ko ɗakin baƙi a gaba inda maigida ke ganawa da fatake da almajirai, su ja katanga, su jera ɗakunan iyali da na 'yan haya a kewayen tsakar gida a baya. Wannan haɗi na bangalo da gidan Hausa fasali ne mai zaman kansa, kuma shi ne aka fi sakaci da rubuta shi.

Takardu

Idan iyali sun yarda sun fito da akwatin takardu, a wanke hannu, a shimfiɗa su a kan tabarma mai tsabta, a ɗauki hoton kowane shafi gaba da baya, a mayar da su yadda aka same su. Babbar takarda ita ce yarjejeniyar fili da ake kira indenca, tare da zanen safiyo da ke manne da ita. Tana nuna wanda ya ba da filin, ko sarautar ƙabilar Ga ce, wato 'yan asalin Ankara, ko wani iyali, ko gwamnati, da wanda ya karɓa, da maƙwabta ta kusurwa huɗu, da tsawon wa'adin haya. Ko da kwanan wata ya goge, kan sarkin da aka manna zai taimaka, domin Sarki Edward na 7 ya yi mulki daga 1901 zuwa 1910, George na 5 daga 1910 zuwa 1936, George na 6 daga 1936 zuwa 1952, sannan Sarauniya Elizabeth. Kuɗin da aka ambata ma ma'auni ne, saboda fam da sule sun yi aiki har zuwa 1965 da aka fito da sidi. Rasit ɗin harajin gida, da takardar izinin gini, da ta haɗa ruwa ko wuta, kowace tana ba da shekara tabbatacciya. Kada a raina rubutun ajami da ke gefen takarda ko a bangon littafin maigida, inda malamai kan rubuta ranar tarewa ko ta haihuwa da shekarar Hijira. Don a kusanto da ita zuwa ta Miladiyya, a ninka shekarar da 0.97 a ƙara 622, misali 1358 za ta ba da 1939.

A wajen gida akwai wurare uku da suka fi amfani. Hukumar Filaye tana karɓar buƙatar bincike a kan fili idan an kai zanen safiyo an biya kuɗin da aka ƙayyade, kuma sashenta na safiyo da taswira yana riƙe da tsofaffin taswirorin gari. Idan gida bai fito a taswirar wata shekara ba amma ya fito a ta gaba, an sami iyakoki biyu da aka gina shi a tsakaninsu. Ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa, wadda ake kira PRAAD, tana da fayilolin mulkin mallaka, da jaridar gwamnati, da jerin sunayen ma'aikata, kuma da lambar bangalo ana iya bin sawun waɗanda aka ba shi ɗaya bayan ɗaya. A je da katin shaida da fensir da haƙuri, a kuma rubuta lambar kowane fayil da aka buɗe don wani ya iya komawa gare shi. Hukumar Gidajen Tarihi da Kayayyakin Tarihi ta Gana kuma ita ce ke da alhakin gine-ginen tarihi, kuma ita ake sanar wa idan gida mai daraja yana fuskantar rushewa. Ma'ajiyar hotunan Mishan ɗin Basel tana kan intanet, kuma tana da tsofaffin hotunan Ankara da Osu da za a iya gwada su da abin da ke tsaye yau. Wanda yake son ya horar da idonsa kafin ya fara, ya ziyarci Cibiyar Du Bois a Cantonments, gidan da masanin nan ɗan Amurka ya zauna har rasuwarsa a 1963, ko ya zagaya harabar Achimota da Korle Bu inda gidajen zamanin Guggisberg suka rage.

Haɗa abin da aka samu

A wajen rubutawa a raba abubuwa uku kada su cakuɗe: abin da ido ya gani a jikin gini, abin da takarda ta faɗa, da abin da aka ji daga bakin mutane tare da sunan wanda ya faɗa da ranar da ya faɗa, idan ya yarda a ambace shi. Inda suka saɓa wa juna a rubuta duka, domin sau da yawa kowanne yana da gaskiya, takarda tana maganar shekarar sayen fili, tsoho kuma yana maganar shekarar tarewa. A sa lambar adireshin GhanaPostGPS ta gidan a shafin farko, saboda ko an rushe shi a san inda ya tsaya.

Idan iyalin suna shirin gyara, binciken zai yi musu amfani nan take. A fara da rufi da indararo kafin damina ta kankama a watan Afrilu, domin ruwa ne ke kashe tsohon gida kafin komai. A bangon ƙasa ko na dutse a yi yaɓe da farar ƙasa, kada a lulluɓe shi da siminti mai ƙarfi, wanda ke kulle danshi a ciki har bangon ya ruɓe ta ciki. A buɗe kafofin iskar da aka toshe, a janye ƙasar da ta taru a gindin ginshiƙai don gara ta rasa gada, kuma katakon odum da ya lalace ta gefe ɗaya a yanke wurin a yi masa ƙari maimakon a jefar da shi duka. Daga ƙarshe a buga rahoton kwafi uku tare da zane da hotuna, ɗaya a damƙa wa maigida kamar yadda aka yi alkawari, ɗaya a kai makarantar unguwa ko fadar Sarkin Zango, ɗaya kuma a ajiye tare da muryoyin da aka naɗa a wuri biyu dabam, a rubuta kwanan wata a jikin kowane.